Malam Sahabi da Labaransa Marasa Ƙarshe

Duk wanda ya koyar a kwalejinmu ta wajen Jega a shekarun farko na jihar nan ya san warin ranar Alhamis. Warin albasa ne. Da an idar da azahar za ka ji tarin tsohon babur ɗin Malam Sahabi daga bakin ƙofa, ya ɗauro buhun albasa a baya, buhun kuwa cike da takardu. Mun sha roƙonsa ya sayi jaka irin ta malamai, ya ce jaka ta masu son a gan su ce, shi buhunsa yana shan iska. Zai shigo ɗakin malamai, ya zazzage buhun a kan tebur, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kowa falle biyu. Labari ne da ya rubuta da kansa, kuma kullum a kan mutum ɗaya ne, wani sabon malamin kwaleji mai suna Malam Wane.

Waɗanda suka zo daga baya ba za su gane halin da muke ciki a lokacin ba. Da aka yanke jihar daga Sakkwato, manyan malamanmu suka watse. Wasu aka kira su Birnin Kebbi suka zama daraktoci, wasu suka koma inda suka fito. Aka bar kwaleji a hannun irinmu da muka gama hidimar ƙasa jiya-jiya, aka miƙa mana alli da jadawali, aka ce Allah ya taimaka. Malam Sahabi kaɗai ya rage cikin tsofaffi, mutumin Gehuru, malamin dabarun koyarwa, wanda ƙarin girma ya daɗe da manta hanyar gidansa. Ba wanda ya ɗora masa aikin kula da mu. Shi ya duba ya ga babu ɗayanmu da zai buɗe baki a gaban 'yan'uwansa ya ce ya kasa, amma in matsalar wani ce, kowa gwani ne. Sai ya ƙirƙiro Malam Wane, ya riƙa jefa shi cikin kowace irin masifa ta aikin nan. Zai karanta mana da wannan murya tasa mai kama da ta mai mura, kuma daidai inda abin ya yi tsanani sai ya ajiye takarda, ya dube mu ta saman tabarau, ya ce, "To, mi za shi yi?"

Ni dai ban taɓa son Alhamis ba, kuma tunda yau muna zancensa ne bayan ransa, zan faɗi dalili ga waɗanda ba su sani ba. A jarrabawata ta farko a kwalejin, cikin damina, na ɗaure takardun amsar 'yan aji biyu a bayan babur, zan tafi da su gida Maiyama in duba a ƙarshen mako. Ruwa ya tare ni a hanya. A wata kwalbati da ruwa ya haura, robar ta tsinke, ƙunshin ya faɗa. Na shiga har gwiwa na tsamo abin da na iya tsamowa, kusan rabi kuwa ruwa ya tafi da su ina kallo. A lokacin ina shekarun gwaji, ba a tabbatar da ni a aiki ba, ga mahaifiyata ta fara amsa gaisuwa a unguwa da sunan uwar lakcara. Sai na ja bakina na yi shiru. Na zauna da jerin sunaye ina tuno fuskoki. Wanda na tuna yana magana a aji in ba shi maki mai kyau, wanda ban tuna ba in rage masa. Akwai wani Mamman daga Fagada, magidanci, malamin firamare da ya zo ƙaro ilimi. Na yi na yi in tuno fuskarsa na kasa, sai na kayar da shi. Ban san an riga an yi masa gargaɗi ba saboda wani zango da ya yi yana jinya. Da sakamako ya fito, aka sallame shi daga kwaleji. Wannan abin nake ɗauke da shi a cikina duk Alhamis, ina zaune ina ba Malam Wane shawara.

Amma bari in fara da abin dariya, don a fili shi ya fi yawa. Malam Sahabi bai taɓa yarda a ɓata farar takarda ba. Yakan je sito ya kwaso tsofaffin takardun tambayoyin jarrabawa, ya sa a gurza labarinsa da inji a bayansu. Saboda haka kowane falle fuska biyu gare shi, ɗaya labari, ɗaya tsohuwar tambaya. Kun tuna Malam Ladan, shugaban sashenmu na lokacin, wanda yake zuwa a ƙarshe amma ya fara magana. Wata Alhamis ya shigo a makare, ya ɗauki fallensa ta baibai, ya karanta, ya haɗa rai. Ya ɗauka tambaya ce da Malam Wane ya yi wa ɗalibansa a cikin labarin. Nan take ya gyara murya ya fara yanka ta. Ya ce irin wannan ce ke kashe ilimi a ƙasar nan, tambaya ba kai ba gindi, wanda ya rubuta ta shi kansa bai san abin da yake nema ba, kuma da a sashensa ne da ba ta fita daga ofis ba. Malam Sahabi yana ta gyaɗa kai, bai tare shi ba har ya gama.

"Gaskiya kah hwaɗi, Ladan," ya ce. "Amma labarin shina ga ɗaya gehen. Wagga tambaya taka ta, ta bara."

Malam Ladan ya juya takardar a hankali, ya ce dama gwada mu yake yi. Ba wanda ya ɗaga kai, don in an haɗa ido za a fashe.

Babban kuskurenmu shi ne ba mu taɓa yarda cewa Malam Wane ƙirƙirarre ba ne. Mu 'yan kaɗan ne, kowa ya san launin bokitin wankan kowa. Saboda haka da an fara karatu, maimakon mu bi matsalar, sai mu shiga neman wanda ake nufi. In an ce Malam Wane yana zuwa aji da tsohon littafin lakcarsa na jami'a yana karanto wa ɗalibai, sai idanu su tafi kusurwar hagu. In an ce ya shekara uku yana cewa ya kusa gama digiri na biyu, sai su koma dama. Abin ya ƙona wa Malam Sahabi rai. Ya fara ba Malam Wane siffofin da ba wanda yake da su a cikinmu. Wani mako ya zo da kunne ɗaya, wani mako ya zama mutumin wani gari da babu shi a taswira. Duk da haka aka ce ɓad-da-kama ce, kuma an gane mutumin. Da ya gaji sai ya mai da Malam Wane mace. Ya manta mace ɗaya ce tak a cikinmu, Malama Kulu. Wata guda ta yi ba ta gaishe shi ba.

Daga nan zancen ya kai kunnen shugaban kwaleji, saboda wani labari da babban malami ya bar wa Malam Wane azuzuwansa duka ya tafi gona. Aka kira Malam Sahabi ofis. Aka ce masa ba a hana shi labari ba, amma dole kowane labari ya kasance da ƙarshe, ƙarshen kuma ya nuna cewa haƙuri da biyayya ga na gaba suna da riba. Ya ce shi ma zai so ya san ƙarshen, sai dai Malam Wane bai gaya masa ba tukuna. Aka hana shi injin gurza takarda. Muka ce shi ke nan, mun huta. Alhamis na zagayowa sai ga tarin babur. Ya zauna ya rubuta labarin da hannu, yana jera takardar kabon hawa huɗu, ya maimaita har ya ishe mu, yatsansa ya kumbura ya ɗaure shi da tsumma. Kwafin sama ya fito tas, na ƙasa kuwa sai ka ɗaga shi ga hasken taga. Ya raba masu kyau ga waɗanda ba su cika magana ba, mafi dushewa ya miƙa wa Malam Ladan. Malam Ladan ya ce wannan ai ba ya karantuwa.

"Kai ko ka karanta ko ba ka karanta ba, magana guda za ka yi," in ji Malam Sahabi.

Haka ya ci gaba da yatsa a ɗaure har shugaba ya gaji ya mayar masa da injin.

Cikin rani, lokacin da albasa ta fara ƙosawa a fadama, ya zo da labarin da ya tsayar mini da numfashi. Malam Wane ya ajiye takardun jarrabawa a ɗakinsa ya tafi hutu, ya dawo ya tarar gara ta cinye rabinsu. Ya ji tsoron a kore shi, sai ya ba da maki daga kansa. Wani ɗalibi mai ƙoƙari ya faɗi, aka sallame shi. Malam Sahabi ya ajiye takarda ya yi tambayarsa. Ba wanda ya dubi kusurwar hagu ko ta dama, kowa ƙasa yake kallo. Can sai Malam Ladan ya ce da ƙarfi, kuma da sauri fiye da yadda ya saba, kora ce kawai ta dace da irin wannan. Na tabbata wani ya gan ni a kwalbatin nan ya kai wa tsohon, shi kuma ya canza ruwa zuwa gara don ya ci mini mutunci a hankali.

Ranar Asabar na hau babur zuwa Gehuru, raina a ɓace. Na same shi a fadama, ya naɗe wando yana ba fangalin albasa ruwa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce ya gaya mini wanda ya kai masa zancena. Bai ɗago ba sai da ya toshe bakin wani fangali da ƙafa, ya buɗe na gaba.

"Kai na na huɗu, ɗan Maiyama," ya ce.

Ashe tun yammacin Alhamis mutum uku suka riga ni zuwa, kowa da irin tasa, kowa yana roƙon a rufa masa asiri. Bai faɗi sunan ko ɗaya ba. Sai dai akwai zabo ɗaure a gindin bishiya, wanda ɗayansu ya kawo gaisuwa, kuma duk kwalejin gida ɗaya na sani ana kiwon zabi, gidan wanda ya ce a kori Malam Wane. Na yi dariya ba da son raina ba, dariyar kuma ta ƙare da hawaye. A tsaye a bakin fangalin na gaya masa komai, har da sunan Mamman.

Ya wanke ƙafa, ya ce in biyo shi gida. Ku duka kun san zancen Malam Sahabi da igiya. Ba ranar kasuwar Jega da zai dawo ba da sabuwar igiya rataye a babur, mutumin da ba shi da ko akuya, har muna tsokanarsa cewa jakunan ƙasar duka zai ɗaure. Ya buɗe mini wani ɗaki a bayan gidansa. Igiyoyi ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, na ƙasan sun ruɓe. Ya ce fiye da shekara ashirin da suka wuce, yana sabon malami a wata makarantar horar da malamai, gara ta cinye masa takardu. Ya yi abin da na yi. Ɗalibin da ya kayar yana nan a kasuwar Jega yana tufkar igiya yana sayarwa, kuma duk ranar kasuwa in ya gan shi sai ya durƙusa ya ce barka da zuwa Malam. Shi kuwa Malam Sahabi kullum yana zuwa da niyyar gaya masa, kullum sai ya buɗe baki ya ji kansa yana tambayar kuɗin igiya.

"Ni na Malam Wane," ya ce. "Dut labarun ga da kuka ji, ni na. Kuna ta neman ƙarshe, ƙarshen mi? Mutumin bai yi komi ba, zaune yay yi har yat tsuhwa."

Na tambaye shi abin da ya kamata in yi. Ya ce duk duniya babu wanda bai cancanci wannan tambaya ba kamarsa. Ya nuna ɗakin da haɓa.

"Ga abin da ni niy yi. In ya yi maka, kasuwa na nan."

Ina so in ce muku washegari na kai kaina. Ban kai ba. Sai da na ƙara mako biyu ina rubuta takarda ina yagewa, sannan na miƙa. Aka kafa kwamiti. Ranar zaman, ina tsaye a gabansu, sai ga Malam Sahabi ya turo ƙofa ba wanda ya gayyace shi. Ya ce kafin a hukunta yaron nan akwai tsohon laifi irinsa da ya riga shi layi, ya zayyana nasa tun daga gara har zuwa igiya. Shugaban kwamiti ya cire hula ya sosa kai, ya yi shawara da na kusa da shi, sannan ya ce wannan ya faru ne a ƙarƙashin tsohuwar jiha, fayil ɗinsa yana can Sakkwato, ba hurumin wannan kwamiti ba ne.

"Ashe da anka raba motoci da kujeru, ba a raba zunubi ba?" in ji Malam Sahabi.

Aka roƙe shi ya fita. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka ɗage tabbatar da ni a aiki da shekara guda, aka ce waɗanda abin ya shafa su sake jarrabawa, Mamman kuma a kira shi ya dawo. Sauran ukun ba su fito ba, wannan tsakaninsu da Allah ne. Na fito daga ɗakin nan ina jin na yi abin kirki, har ina ganin kaina namiji.

Aka aika takarda Fagada, shiru. Malam Sahabi ya ce takarda ba ta da fuska, mu je da ƙafarmu. A Fagada aka ce mana Mamman bai koma koyarwa ba, kunya ta hana shi shiga gaban yara, yana Aliero wajen masu albasa. A can muka same shi, a bayan wata babbar mota, yana ɗinke bakin buhuna da basilla. Da ya ɗago na ga fuskarsa, sai na gane shi. Shi ne mai zama kusa da taga, wanda kullum nake tarar da ya riga kowa zuwa ya goge allo. Bai taɓa magana a aji ba, ni kuma ban taɓa tambayar sunansa ba. Ya ajiye buhu ya gaishe mu da ladabi, har yana neman inda zai shimfiɗa mana mu zauna.

Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya saurara da basilla a hannu. Sannan ya ce ya san ya amsa takardar nan, don ita ce wadda ya fi karantawa. Ya ce haka ya gaya wa mahaifinsa, har da rantsuwa. Tsohon shi ya riƙe masa gona damina biyu da tsufansa don ya yi karatu. Da ya ji rantsuwar sai ya ce malami ba ya ƙarya, wasa ka je ka yi, kuma daga ranar bai sake zama sun ci tuwo a kwano ɗaya ba.

"Baba ya rasu wata biyu da sunka wuce, Malam," ya ce. "Da kun zaka da wuri, da ya ji da kunnenai."

Ya ce ya yafe mini, tunda Allah yana son mai yafiya. Kwaleji kuwa ba zai koma ba, wanda zai nuna wa takardar shaidar ba ya nan. Ya ɗauki buhunsa ya ci gaba da ɗinki. Wata bakwai na yi da maganar nan a bakina, tsohon yana nan da ransa a Fagada, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a babur.

A hanyar dawowa Malam Sahabi ya tsaya a gefen titi, wai baburinsa ya yi zafi. Ni ma na tsaya. Can na tambaye shi ko yanzu zai je ya gaya wa nasa mutumin, tun yana da rai. Ya ce in Allah ya yarda ranar kasuwa mai zuwa. Ranar kasuwa na tsaya a bakin ƙofar kwaleji ina jira. Da la'asar sai ga shi ya wuce, da sabuwar igiya rataye a babur. Ya gan ni, ya kau da kai. Iya sanina bai taɓa faɗa ba, ni kuma ban sake tambayarsa ba.

Ya yi ritaya, amma bai daina zuwa mana ba sai da ƙafa ta hana shi. A makon jiya muka kai shi makwancinsa a Gehuru. Na tsaya a bakin kabarin ina tunanin yadda mutum zai fi mu duka taurin kai, ya tsaya gaban shugaba da kwamiti bai girgiza ba, amma ya kasa furta kalma biyu ga wanda yake durƙusa masa. Ba na ganin laifinsa, don na ɗanɗana irin tsoron. Ina kewarsa ƙwarai.

Allah ya jiƙan Malam Sahabi, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, ka san abin da ya kasa faɗa, ka kuma san abin da ya sa wani ya faɗa. Ka yafe masa, ka sanyaya zuciyar wanda ya zalunta ranar da babu ɓoyo. Ka jiƙan mahaifin Mamman, ka sanar da shi cewa ɗansa bai yi ƙarya ba.